Kalma guda a takarda biyu: ta Yaya ruwa, ta Gwaggo kansa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na san na ɓace kwana biyu, masu aiko min saƙo ta WhatsApp kuna tambaya ko lafiya na gode Allah ya bar zumunci, lafiyata lau, jinya ce ta riƙe ni tun bazara kuma sai yanzu na ɗan samu kaina. Labarin da zan ba ku yau na wata kalma ce guda ɗaya ta faransanci da ta shigo gidanmu a Birni, nan Damagaram, sau biyu cikin shekara ɗaya, karon farko ta sa mu kuka a banza, karo na biyu kuma saura ƙiris ta sa mu yi sakaci da ran mutum. Kalmar ita ce apocrine, mu ce afokirin yadda bakinmu zai iya.

Kun dai san aikin labo nake, amma labon jini da fitsari, gwajin zazzaɓin sauro da sikari da makamantansu, ba labon da ake yanka tsoka a duba ta a mikiroskof ba wanda muke ce ma anapat. To amma a gida ba ruwan kowa da wannan bambancin, tunda kina sa farar riga ai ke dokta ce, duk takardar da ta fito daga asibiti hannuna ake miƙo ma ita, har ta ciwon ido.

Yaya ce ta fara. Tana wanka ta ji ƙullutu a nonon hagu, mai santsi yana gudu ƙarƙashin yatsa, in al'adarta ta kusa sai ya ƙara girma ya yi ta zogi, in ta wuce ya lafa. Wata biyu ta yi shiru da bakinta ba ta gaya ma kowa ba, har mijinta, sai ran nan muna tsince shinkafa ta ce min ƙasa-ƙasa ke zo ki taɓa min nan. Muka je aka yi eko, wato hoton cikin nonon, dokta yace jakar ruwa ce, kist, ya sa allura ya zuƙe wani ruwa kalar shayin da ba a sa ma madara ba, nan take ƙullutun ya sace kamar an fasa balan-balan. Sai dai akwai wani ɗan wuri mai tauri a gefe da bai kwanta masa a rai ba, ya ɗebi ɗan yanki da allurar biyopsi aka aika Yamai. Da sakamako ya dawo ina wurin aiki, babban ɗanta da ke lise shi ya buɗe ambulan, ya ga an rubuta métaplasie apocrine, shi kuma kunnensa ya taɓa jin métastase wato kansar da ta bazu cikin jiki, ya haɗa su ya mai da su abu ɗaya, ya ƙara da buga apocrine a salula intanet ta jero masa carcinome, wato kansa. Wlh ko da na sauka daga kabu-kabu tun daga zaure nake jin koke-koke, Inna ta shimfiɗa tabarmar salla tana ta jan carbi, Yaya kuwa har ta fara faɗin wa za a ba riƙon autarta.

Na karanta takardar sau uku, a ƙasa an rubuta ɓaro-ɓaro babu alamar mugun ciwo, amma ba wanda ya kai idonsa layin ƙarshe.

Ga abin da afokirin ɗin yake. Jikinmu yana da ƴan maɓuɓɓugan zufa iri biyu, akwai na ko'ina masu fitar da gumi ruwa-ruwa, akwai kuma na hammata da matsematsi waɗanda ruwansu ya fi kauri, su ne masu kawo warin hammata in ƙwayoyin cuta na fata sun taɓa shi, to waɗannan na biyun su ake kira afokirin. Shi kansa nono a asalin halitta dangin maɓuɓɓugan zufa ne, shi ya sa ba abin mamaki ba ne ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin hanyoyin nono wani lokaci su canza kama su koma kamar na hammata. Wannan canjin kamar shi ne métaplasie, ba kansa ba ne, ba ya ma cikin abin da ake ce ma share fagen kansa, kuma yana da yawa ƙwarai a nonon matan da suka wuce shekara 30 musamman a bangon irin jakar ruwan nan ta Yaya. Daga baya wata abokiyar karatuna da ke aikin anapat ta turo min hoton irin ƙwayoyin, gwanin kyau kamar zanen atamfa, manya-manya ruwan hoda, cikinsu tsaki-tsaki kamar tsakin gero, kowace da cibiya zagayayya mai ɗigo ɗaya a tsakiya kamar idon zabo, a samanta kuma ɗan tsini ya turo kamar ta ɗora hula, wannan tsinin ne ke gutsurewa ya faɗa cikin ruwan.

Aka yi dariya aka yi sadakar ƙosai, yaron ya sha tsiya wurin ƙannensa, magana ta wuce.

Wata bakwai bayan nan sai ga Gwaggo, ƙanwar babanmu da ke Zango, ta haura sittin. Ita nata ƙullutun ba ya ciwo ko kaɗan, tauri gare shi kamar ƙwallon goruba kuma ba ya motsi, kan nonon ya fara shigewa ciki. Kuma saboda ba ya ciwo ɗin ne ta share shi kusan shekara, ana ta shafe-shafe da hayaƙi, don a wurinmu abin da bai hana ka barci ba ba cuta ba ne. Ban ga laifinta ba sosai, wa ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata cewa ƙullutun da ba ya zogi shi ya fi ban tsoro? Da na matsa mata tace ɗiyata ni fa tsoron wuƙa nake, an ce in ƙarfe ya taɓa daji sai ya haukace, nace Gwaggo ki yi haƙuri, ba ƙarfe ke haukata shi ba, jinkiri ne, mutane sai ciwo ya ci ƙarfinsu suke zuwa sannan a ɗora ma wuƙa laifi. Sai da na haɗa da babanmu ya yi mata magana ta wa da ƙanwa sannan ta yarda.

A wani kilinik aka yanki ɗan yanki, ba zan faɗi sunansa ba. Ranar ana rana irin ta watan Afrilu a Damagaram wadda ta haura digiri 40, an gama aiki aka fito min da tsokar cikin ɗan kwanon ƙarfe an zuba mata ruwan serom, wai formol ɗinsu, ruwan da ke hana tsoka ruɓewa, ya ƙare in je in nemo. Na hau kabu-kabu farmasi uku na zaga kafin na samu wurin wani abokin aiki, na dawo an fi awa biyu, aka zuba a kwalbar mayones da aka wanke aka liƙe bakin da filasta. Sannan ni ma na tafka nawa kuskuren, maimakon in kai tasha a ba kar ɗin da zai tashi da asuba sai na tsaya jiran wani ɗan uwa da zai tafi Yamai don ya kai hannu da hannu, tafiyarsa ta yi ta ɗagawa, kwalba ta kwana shida a kan kabad ɗina. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sakamakon farko ya zo: carcinome infiltrant à différenciation apocrine. Ina riƙe da takardar cikina ya ɗuri ruwa, sai Yaya ta leƙo ta kafaɗata ta hango kalmar da ta sani, ta saki guɗa tace alhamdulillahi Gwaggo irin nawa ne, ruwa ne kawai ba komai. Kafin in buɗe baki magana ta zaga gida, Gwaggo har ta fara naɗe tabarmarta za ta koma Zango, tana cewa ai dama na gaya muku. Ban taɓa jin nauyin baki irin na ranar ba. Na ja Yaya ɗaki nace Yaya kama da wane ba ta wane ba, kalmar ɗaya ce amma wadda ke gabanta ita ce magana, taki métaplasie, tata carcinome, kuma infiltrant na nufin ya riga ya fasa hanyar nonon ya shiga naman da ke kewaye.

Irin wannan kansar ba ta da yawa, wajen 1 cikin 100 na kansar nono in an bi ƙa'ida sosai, kuma ta fi kama mata masu shekaru. A littafin rabe-raben ciwukan nono na Hukumar Lafiya ta Duniya bugun 2019, kafin a kira kansa da wannan suna sai fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyinta sun kasance masu kamar afokirin, sannan gwajin rini ya goyi bayan abin da ido ya gani. Wannan gwajin rinin shi ne dokta ya rubuta mana a yi, su suna ce masa imino a taƙaice, kuma a nan ne na zauna na yi karatun da ban yi ba tun ina lakwal.

Yadda abin yake, tsokar nan bayan ta sha formol ana busar da ruwanta a dasa ta cikin kaki irin na kyandir ta zama ɗan bulok kamar sabulun otal, sai a sa ta a inji a fere ta siriri ƙwarai, mikiron 3 zuwa 5, ya fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba, a shimfiɗa kan gilashi. Rinin farko na kowa da kowa ne, shuɗi da ruwan hoda, shi ke nuna kama. Imino kuwa rini ne mai zaɓe, kowane kwalba an haɗa shi ya kama furotin guda ɗaya tak, in furotin ɗin na nan wurin sai ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, in babu gilashi ya fito fayau. Uku ake fara nema a duk kansar nono. RE da RP, wato kunnuwan da ƙwayar ke jin kiran hormon ɗin mata da su, estrojin da forojesteron, sai HER2, wani furotin da ke jikin fatar ƙwayar wanda in ya yi yawa yake zuga ta ta yi ta hayayyafa. Amfanin sanin su ba don ado ba ne, kowanne da maganinsa. Mai RE ana ba ta tamoksifen ko danginsa ta sha shekaru, mai HER2 akwai trastuzumab da aka fara amfani da shi tun 1998, wadda kuwa ba ta da ko ɗaya cikin ukun ita ake ce ma triple négatif, galibi sai dai shimiyo, wato ruwan maganin kansa da ake sawa ta jijiya.

Na Gwaggo duka ukun suka fito babu. Duk wanda ya taɓa buga triple négatif a salula ya san abin da zai gani, ba mai daɗi ba ne, kuma ni sai da na kwana ban runtsa ba, amma ba don sunan kaɗai ba, kwalbar mayones ce ta dawo min a rai. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin kansa da na anapat na Amurka suka shimfiɗa ita ce tsoka ta shiga formol cikin awa 1 da cire ta, formol mai kashi 10 cikin 100, ta zauna ciki tsakanin awa 6 zuwa 72, kuma ruwan ya ninka tsokar wajen sau goma. Mu mun karya ta awa 1 mun karya ta awa 72. Ku da kuka san majemar garin nan kun san zancen, fatar da aka bari ta kwana cikin zafi ba gishiri ba bagaruwa, ko wane gwanin baduku aka kai ma ita rini ba zai kama ta yadda ya kamata ba, tun ran gini ran zane. Haka furotin ɗin nan suke, in tsoka ta jima a waje suna lalacewa, rini ya zo bai samu abin kamawa ba, a rubuta babu alhali akwai, mace ta rasa maganin da zai yi mata amfani saboda awa biyu da aka ɓata ana neman formol. Ina yawan tunanin cikin matan da ake ce ma triple négatif a ƙasashenmu nawa ne na gaskiya nawa ne na kwalba.

Na kira dokta na faɗa masa gaskiya tsakani da Allah, nace Dokta ni fa na yi ɓarna, ga yadda aka yi ga yadda aka yi. Bai yi min faɗa ba, yace in duba ƙasan takardar ko an yi maganar témoin interne. Ashe masu anapat suna da shaidar cikin gida, a gefen kansar galibi akan samu ƴan hanyoyin nono masu lafiya, su kuma dole wasu ƙwayoyinsu su kama rinin RE, to in su sun kama kansar ba ta kama ba an san rini ya yi aiki babun gaskiya ce, in kuwa har masu lafiyar ba su kama ba to gwajin ne ya mutu. A namu an rubuta shaidar ta kama amma da rauni. Yace to za a sake a kan babban naman in an yi aiki, kuma tunda ido ya ga kamar afokirin zai sa a ƙara rini biyu, RA da GCDFP-15.

RA kunnen androjin ne, hormon ɗin da muka sani da na maza ko da yake mata ma suna da shi kaɗan. Wannan shi ne abin mamakin ƙwayar afokirin, tana zaune cikin nonon mace amma ta toshe kunnenta ga estrojin ta buɗe shi ga androjin. Shi kuma GCDFP-15 sunansa ma daga irin ruwan da aka zuƙe ma Yaya ya samo asali, wani mai bincike a Amurka Haagensen da abokan aikinsa suka ware shi daga ruwan jakunkunan nono a ƙarshen shekarun 1970, lambar 15 ɗin nauyinsa ce, ana kuma samunsa a zufa da miyau da hawaye. To in aka ga RE babu, RP babu, RA ya kama cibiyoyin ƙwayoyin, GCDFP-15 ya rine cikinsu, an samu sa hannun afokirin ke nan. HER2 kuwa yana iya kasancewa ko ya ƙi, a kashi ɗaya cikin uku ko ma fiye na irin wannan kansar ana samunsa, shi ya sa ba a tsallake shi.

Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma nan ne ya fi ɗaure min kai da farko. Da za a ɗauki gilashin Yaya a yi masa rinin nan huɗu, amsar da zai bayar ita ce dai ta Gwaggo, RE babu RP babu RA akwai GCDFP-15 akwai. Wato rinin nan kamar tsagar fuska ne, in ka ga tsagar mutum za ka ce wannan Babarbare ne wannan Bagobiri ne, amma tsaga ba ta gaya maka ko mutumin kirki ne ko ɓarawo. Asali suke faɗa ba hali ba. Har wata dabara da masu anapat ke yi a sauran ciwukan nono don raba mai lafiya da wanda ya fara lalacewa, ta duba RE tare da wani rini CK5/6, a nan ba ta ci, don ƙwayar afokirin ko ta kirki ce ba ta kama su. Sai a koma ga ido da ƙwarewa: cibiyoyin sun kumbura sun ninka na ƙa'ida har sau uku? ɗigon cikin ya yi girma ko ya zama da yawa? akwai matattun ƙwayoyi a tsakiyar hanya? ƙwayoyin sun cika hanyar sun yi gadoji? Tsakanin irin na Yaya da irin na Gwaggo akwai matakai, akwai wanda ake ce ma adénose apocrine atypique da ba a kira shi kansa ba amma ba a sake masa ido, galibi cire shi ake a duba shi duka, akwai kuma kansar da ke cikin hanya ba ta fita ba tukuna, in situ. Ko ƙwararru sukan yi saɓani a tsakiyar nan.

Abin da ke taimakawa wajen sanin ta fita ko ba ta fita ba shi ne rinin katanga. Kowace hanyar nono mai lafiya tana da wasu ƙwayoyi da suka kewaye ta ta waje kamar darni, su ke matse nono ya fito lokacin shayarwa, rini irin p63 da kalfonin suna nuna su. In darni na nan abin yana cikin gida, in babu ya ƙetare. Sai dai nan ma afokirin ya zo da nasa iya shegen, don an sha ganin na kirkinsa wanda darninsa ya yi ƙaranci ko ya ɓace a wasu wurare ba tare da kansa ba ce, wanda bai san wannan ba sai ya yanke ma mace hukuncin da ba nata ba. Akwai kuma wasu ƙari masu kwaikwayon kamar, kamar wanda ake kira tumeur à cellules granuleuses, shi ma ruwan hoda tsaki-tsaki amma galibinsa ba mugu ba ne, rinin S100 ke tona shi don shi yana kamawa kuma ba ya kama rinin keratin da kansar nono ke kamawa. Duk wannan ya sa na daina jin haushin jinkirin sakamakon anapat, da nake cewa mutanen nan me suke yi sati uku da ɗan nama kamar ƙwayar wake.

Masu bincike ba su zauna ba. A 2005 wasu a Turai, Farmer da abokansa, suka duba yadda dubban ƙwayoyin gado ke aiki cikin kansar nono suka ga wani rukuni da ba ya jin estrojin amma androjin ke tuƙa shi, suka sa masa suna afokirin na molekul, kuma ba duka ne ke da kamar afokirin a ido ba. A 2011 Lehmann da abokansa a jami'ar Vanderbilt suka nuna cewa triple négatif ɗin nan ba abu ɗaya ba ne, gida-gida ne, ɗaya daga ciki LAR shi ne mai kunnen androjin. Wasu a Danmak ƙarƙashin Celis suka bi ta furotin suka fito da 15-PGDH da ACSM1 a matsayin ƙarin alamomin afokirin, akwai kuma AMACR da aka fi sani a gwajin kansar forostat da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, shi ma yana kama su. Yawancin waɗannan suna ɗakin bincike ne ko manyan asibitocin waje, kuma in kun lura kusan dukkansu tsagar fuska suke ƙara bayyanawa.

To me sanin ya ƙara ma Gwaggo tunda dai shimiyon za ta sha? Ni ma na yi wannan tambayar. Na farko, bincike da dama sun nuna triple négatif mai afokirin ba ya gudu irin na sauran, lambar Ki-67 da ke auna saurin hayayyafa takan fito ƙasa, ko da yake kuma ba ya narkewa da shimiyo da sauri kamar su, wannan yana shiga lissafin likita wajen tsara wanne za a fara, aiki ko ruwa. Na biyu, an gwada magungunan toshe androjin da ake ba maza masu kansar forostat, bikalutamid da enzalutamid, a kan matan da kansarsu ta bazu kuma take da RA, wasu sun samu tsayawar ciwon na ɗan lokaci, a gwajin bikalutamid da aka buga a 2013 wajen mace 1 cikin 5 ce, bai zama maganin da ake ba kowa ba kuma don Allah kar wani ya karanta nan ya nufi farmasi. Ina faɗin haka ne don abin da ya faru a gidanmu, wata maƙwabciya da yayarta ta rasu da ciwon nono ta kawo ma Gwaggo ragowar tamoksifen cikin leda da zuciya ɗaya, tace maganin ciwon ne gangariya daga Yamai, na same ta ta riga ta sha kwana huɗu. Nace Gwaggo wannan maganin kunne yake toshewa, ciwonki kuma ba shi da wannan kunnen, kamar ki rufe taga ne ɓarawo yana shigowa ta ƙofa, ga shi kuma yana iya kawo daskarewar jini a ƙafa. Tace to ɗiyata ku da kuka yi boko, amma kar ki gaya ma baiwar Allah nan ta ji ba daɗi.

Ranar babban aiki kuwa ban yarda an maimaita ba. Tun jajibiri na tanadi formol bidon guda da bokiti mai murfi, na roƙi majo da likitan tiyata a tsaga naman kafin a tsoma shi, don formol a hankali yake ratsa nama, wajen milimita 1 a awa, in aka jefa nono sukutum waje ya jiƙa ciki ya ruɓe. Na rubuta lokacin da aka cire da lokacin da ya shiga ruwa a jikin takarda da jikin bokitin, kar ɗin asuba ya tafi da shi, kusan kilomita 900 zuwa Yamai, na bi direba da kira har sai da aka karɓa a tasha. Kuɗi kam sun tafi, jikkuna ba kaɗan ba, sai da aka sai da tumaki biyu da ƴan kunnen Gwaggo na zinari, ƴan uwa na Kano da Agadas suka turo abin da ya sawwaƙa. Sakamako na biyu ya tabbatar da na farko, shaidar cikin gida ta kama da kyau wannan karon, RE da RP da HER2 babu, RA ya kama kusan duka ƙwayoyin, GCDFP-15 ma haka, biyu daga cikin kaluluwan hammata sun kamu.

Yanzu ta gama shimiyo, gashi ya zube ya fara tsirowa fari fat kamar auduga, jikoki na ce mata ta zama Baturiya. Saura gashin wuta, wato radiyoterapi, a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai wadda ta fara wannan aikin a 2021, kafin nan sai an fita waje. Yaya kuwa wani kist ɗin ya sake fitowa a ɗaya nonon, wannan karon da ƙafarta ta tafi eko ba ta jira wata biyu ba, kuma ta hana ɗanta taɓa ambulan.

Na roƙi a dawo mana da bulok ɗin kakin guda biyu da gilasansu, don ana iya sake fere su a yi wani rinin ko bayan shekaru in wani magani ya fito ko wani likita ya nema. Na kai ma Gwaggo su cikin ƴar ambulan, ta juya su ta ɗaga su a hasken taga tana kallon ɗan abin toka-toka da ke tsakiya, tace yanzu wannan ɗan mitsitsin ne ya cinye min tumaki? Nace shi ne Gwaggo, ki adana min shi inda rana ba ta bugu kar kakin ya narke. Ta naɗe su cikin tsohon kallabi ta sa a ƙasan kwallarta ta aure inda ƴan kunnen suke da, ta ce in duba mata ranar tafiya Yamai kar ta faɗo ranar sunan jikarta, in ta faɗo kuwa sai dai likitocin su jira.